Tarihin ambaton madogara da sunayen mawallafa a rubutun Hausa

1. Gabatarwa

Mai bincike da ya shiga ɗakin karatu a Yamai yana neman littafin da Djibo Hamani ya wallafa kan tarihin ƙasar Adar cikin shekara ta 1975, tilas ne ya duba wuri biyu: ƙarƙashin harafin D da ƙarƙashin harafin H. Haka abin yake ga littattafan Boubou Hama. Wanda bai san da wannan ba yana iya komawa gida da zaton littafin babu shi, alhali yana nan bisa kanta. Matsalar ƙarama ce ga ido, amma tana da tushe mai nisa, domin hanyar da ake bi yau wajen ambaton mawallafi an ƙera ta ne bisa tsarin suna irin na Turai, kuma ta tarar da wata tsohuwar hanya da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da ita.

Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ana sa ran rubutun ilimi cikin Hausa zai ƙaru, daga littattafan makaranta har zuwa kundin jami'a. Kowane ɗaya daga cikinsu zai bukaci ya faɗi inda ya samo maganarsa. Wannan maƙala tana bin tarihin al'amarin mataki mataki, don masu bincike da masu tsara aikin yaƙi da jahilci su san abin da suka gada kafin su yanke ƙa'ida.

2. Hanyar malaman zaure

Ambaton madogara ya shigo ƙasar Hausa tare da ilimin addinin Musulunci. Tushensa isnadi ne, wato jerin sunayen mutanen da magana ta bi ta bakinsu, wane daga wane, har a kai ga mai ita. Malaman hadisi irin su Buhari, wanda ya rasu a 870, da Muslim, wanda ya rasu a 875, ba su karɓar magana sai sun auna kowane mutum da ke cikin jerin. Daga nan aka sami fanni guda na sanin maruwaita, aka kuma sami littattafan tarihin malamai. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta irin wannan littafi, Nail al-Ibtihaj, a ƙarshen ƙarni na 16, kuma a ciki akwai malaman da suka zauna Katsina da Kano da yankin Ayar.

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun riƙe wannan hanya da ƙarfi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata cikin ƙasar Gobir a 1754, ya tara isnadinsa cikin littafi na musamman, Asanid al-Faƙir. Wani ɓangare na wannan salsala ya biyo ta hannun malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya karɓi ijaza a Alƙahira wurin Murtala al-Zabidi. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta Ida' al-Nusukh a 1812, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya karanta ga kowanensu. Ga waɗannan mutane, ilimin da ba a san ta hannun wa ya biyo ba, ba a dogara da shi.

A cikin rubutu kuwa ƙa'idar a fili take. Wanda ya buɗe Bayan Wujub al-Hijra, wanda Shehu ya rubuta a 1806, zai tarar mafi yawansa ɗauko maganar magabata ne. Marubuci yakan ce wane ya faɗa cikin littafi kaza, ya kawo maganar, sa'an nan ya rufe da kalmar intaha, wato ta ƙare, ko ya taƙaita ta da haruffa biyu. Wannan kalma ita ce ke yin aikin da alamar zance take yi a boko. Ba a ambaton lambar shafi, kuma da dalili: littattafan na hannu ne, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kowane kwafi da tsawonsa. Saboda haka babi da fasali ake faɗa, su ne ba su sauyawa daga wannan kwafi zuwa wancan. A ƙarshen littafi mai juyawa yakan sa sunansa, wani lokaci har da sunan wanda aka juya dominsa, ya roƙi addu'a. Ta haka ake rarrabe mawallafi da mai juyi da mai littafi.

Sunan mawallafi a wannan hanya ana kawo shi ne a miƙe, yadda Larabci ya tsara: sunan yanka, sa'an nan na uba da na kaka, sa'an nan gari ko kabila, wani lokaci da laƙabin da aka fi saninsa da shi. Ba a juya shi, domin ba a jera sunaye bisa haruffa. Mutum ne ke riƙe da salsalar a kansa.

Marubuta waƙoƙi cikin ajami sun bi tasu dabarar. Da yawansu sukan saka sunansu cikin baitocin ƙarshe, su kuma ɓoye shekarar da suka gama cikin ramzi, wato kalmar da idan an tara lissafin haruffanta za a sami shekarar Hijira. A nan akwai tarkon da ya kamata mai bincike ya sani. Lissafin haruffa da ake bi a wannan yanki na Magariba ne, inda harafin shin yake daidai da 1000, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Wanda ya ɗauki ramzin wata waƙar Nana Asma'u ya warware shi da lissafin Gabas zai kauce wa shekarar da ɗaruruwa. Akwai kuma tahamisi, inda wani mawaƙi yake ƙara ɗango uku bisa kowane baiti na wani. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Sunaye uku ke nan kan waƙa ɗaya, kuma duk wanda ya ambaci ɗaya ya bar biyu ya rage gaskiya.

3. Hanyar Turai da abin da ta dogara a kai

A Turai, buga littafi da inji ya sa kowane kwafi ya zama daidai da ɗan'uwansa, sai ambaton shafi ya yiwu. Masana tarihi suka saba da rubuta madogara a ƙasan shafi, da gajerun kalmomin Latin irin su ibid. da op. cit., waɗanda duk wanda ya yi karatu a jami'ar Faransa ya san su. Hanyar da masana harshe suka fi bi yau, wato sa sunan mawallafi da shekara cikin baka biyu a tsakiyar rubutu, ta fito daga wani fanni dabam. Ana danganta ta ga Edward Laurens Mark, masanin dabbobi a jami'ar Harvard ta Amurka, cikin wata maƙala da ya buga a 1881 kan wata irin katantanwa marar ɓawo. Daga baya aka yi ta tsara littattafan ƙa'ida: na jami'ar Shikago ya fito a 1906, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta fitar da nata jagoran na farko a 1929, editocin mujallun likitanci suka yi taro a Bankuba a 1978 suka zaɓi hanyar lambobi.

Duk waɗannan hanyoyi sun tsaya kan abu guda da ba su faɗa ba, domin a wurinsu ba ya bukatar faɗa: kowane mutum yana da sunan zuriya da ya gada daga uba, wanda ba ya sauyawa, kuma shi ne ke zuwa ƙarshe. Wannan kansa hukuma ce ta kafa shi. A Faransa, dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta rubuta jarirai cikin rajistar coci, dokar 1794 kuma ta hana mutum ɗaukar wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. Da irin wannan tsari, juya suna a sa na ƙarshe a gaba ba shi da wata wahala, kuma jeri bisa haruffa yana tara ayyukan mutum ɗaya wuri ɗaya.

4. Mai baki da mai alƙalami

Haɗuwar hanyoyin biyu ta fara ne a ƙarni na 19, lokacin da Turawa suka soma tattara Hausa a rubuce. Tambayar da ta taso ita ce: idan wani ya faɗa, wani ya rubuta, sunan wa za a sa?

Labarin Dorugu shi ne misali mafi kusa da mutanen Nijar. An haife shi a Dambanas cikin ƙasar Damagaram wajen 1840, aka kama shi bawa yana yaro aka kai shi Kukawa. Adolf Overweg ya ƴanta shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Heinrich Barth har Tumbutu, sa'an nan ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna wurin James Frederick Schön, wanda ya rubuta labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi daga bakinsa. Wannan Hausa ta yaron Damagaram ita ce babban jarin nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da Magana Hausa na 1885. Schön bai ɓoye sunan Dorugu cikin littafin ba. Amma bangon littafi sunan Schön yake ɗauke da shi, katin laburare ma haka, kuma shi aka ba lambar yabo ta Volney a Faransa. Sai a 1971, da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin da Ingilishi, aka gabatar da shi a matsayin tarihin da Dorugu ya bayar na kansa.

Ba duka masu tattarawa suka yi daidai da juna ba. Sigismund Koelle, cikin Polyglotta Africana na 1854, ya rubuta sunan kowane mutum da ya ba shi kalmomi a Saliyo, da garinsu, da yadda ya baro gida. R. S. Rattray, cikin littafinsa na 1913, ya buga rubutun ajami na Malam Shaihu da hannun mai shi, ya kuma faɗi sunansa. Littafi mai juzu'i uku na tatsuniyoyi da aka buga daga 1911 zuwa 1913 kuwa, malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami, amma har yau da sunan Frank Edgar ake kiransa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga da Kete-Karachi ya rasu a 1934, ya rubuta wa Adam Mischlich bayanai masu yawa kan tarihi da al'adun Hausawa, aka buga wasunsu a Jamus da sunan Mischlich. A shekara ta 2000 Stanisław Piłaszewicz ya fitar da wani ɓangare nasu da sunan Alhaji Umaru a bisa bango.

Ƙamus ma bai tsira ba. Bugun farko na ƙamusun Hausa da Ingilishi na 1949 ya fito da suna biyu, R. C. Abraham da Malam Mai Kano. Bugu na biyu na 1962 ya fito da sunan Abraham shi kaɗai, kuma da yake shi ya fi yaɗuwa, ɗalibai da yawa sun yi shekaru suna aiki da littafin ba su taɓa jin sunan na biyun ba. Baba ta Karo ta fi su sa'a kaɗan: Mary Smith ta sa sunanta cikin kan littafin da ta buga a 1954, ko da yake a jerin mawallafa ƙarƙashin Smith ake samunsa.

Abin da waɗannan misalai suke nunawa shi ne hanyar suna da shekara gurbi ɗaya gare ta, kuma wanda ya kai littafi maɗaba'a shi ke cika shi. Isnadi yana da gurbi ga kowane mutum da magana ta bi ta hannunsa.

5. Sunan Bahaushe cikin jerin haruffa

Matsala ta biyu ita ce siffar sunan kansa. Bahaushe yana da sunan yanka. Don a bambance shi da takwarorinsa ana ƙara masa sunan uba, ko na gari, ko na sana'a, ko sarauta, ko laƙabi. Babu ɗaya daga cikinsu da yake sunan zuriya a ma'anar Turai, domin sunan uba yana sauyawa daga tsara zuwa tsara.

A arewacin Najeriya, makarantun boko na farko sun saba bambance ɗalibai da sunan garinsu. Littattafai biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 sun isa shaida. Mai Ganɗoki, Bello Kagara, da mai Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, wa da ƙane ne, amma a jerin haruffa ɗaya yana ƙarƙashin K da sunan gari, ɗaya yana ƙarƙashin I da sunan limanci. Mai Shaihu Umar, Abubakar Tafawa Ɓalewa, sau da yawa ana sa shi ƙarƙashin Ɓalewa, wato an raba sunan gari biyu an ɗauki rabi. Haka ake yi wa Ado Ahmad Gidan Dabino idan aka taƙaita shi zuwa Dabino.

A Nijar hanyar dabam ce. Rajistar haihuwa da ta makaranta irin ta Faransa tana da gurbi biyu, aka zuba sunan yanka cikin ɗaya, na uba cikin ɗaya, kuma al'adar ofis ta kiran suna tana juya su yadda ta ga dama. Shi ya sa shugaban ƙasa na farko yake fitowa a rubuce da Diori Hamani da kuma Hamani Diori, wani shugaban kuma da Tandja Mamadou da Mamadou Tandja. Idan haka ta faru ga shugabanni, babu mamaki ta faru ga mawallafa. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashen biyu: Ousmane da Usman, Issoufou da Yusufu, Mahamadou da Muhammadu. Shehu kansa ana samunsa ƙarƙashin Usman, da Ousmane, da Uthman, da Dan Fodio, da Fodio, da Ibn Fudi. Nana Asma'u wani lokaci ana sa ta ƙarƙashin Nana, wanda kalmar girmamawa ce.

Masu aikin laburare na duniya sun san da wannan tun da daɗewa. Taron da aka yi a Paris a 1961 kan ƙa'idojin jera littattafai ya amince cewa, idan suna yana da kalmomi da yawa, al'adar ƙasar mawallafi ko ta harshen da yake rubutu da shi ita ce za ta nuna kalmar da za a fara da ita. Wasu ƙasashe sun yi amfani da wannan dama. A Habasha, inda suna na biyu na uba ne kamar a nan, masana suna ambaton mutum da sunansa na fari ba tare da juyawa ba: masanin tarihi Bahru Zewde, Bahru ake kiransa cikin baka biyu. Mutanen Aisland ma da sunan fari suke jera mawallafansu. Ƙofar a buɗe take ga Hausa.

6. Zamanin cibiyoyin bincike a Nijar

Bayan samun mulkin kai a 1960, Nijar ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ba adabin baka muhimmanci. An kafa cibiyar tattara labarun gargajiya a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda ta koma CELHTO a 1974, kuma Diouldé Laya ya daɗe yana jagorancinta. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, IRSH, ta gaji tarin rubutattun littattafan Larabci da ajami da Boubou Hama ya faro. Na'urar ɗaukar magana ta kawo abin da Schön ba shi da shi: ana iya adana muryar mai bayani kanta, a ba faifan lamba, a rubuta suna da gari da rana. Ta wannan fuska, masu bincike na wannan zamani sun komo kusa da hanyar isnadi, ko da ba su kira ta da wannan suna ba.

Tarurrukan da aka yi kan rubutu sun daidaita haruffa: na Bamako a 1966, na Yamai a 1980 kan daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, sa'an nan dokar ma'aikatar ilimi ta 1999. Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973. Aikin waɗannan tarurruka haruffa ne da rabon kalmomi. Yadda za a rubuta sunan mawallafi cikin manazarta kuwa, kowa ya ci gaba da bin abin da ya koyo inda ya yi karatu: wanda ya fito jami'ar Faransa yana sa suna na biyu da manyan haruffa, wanda ya fito Kano ko Zariya ko Sakkwato yana bin hanyar suna da shekara.

Zuwan kwamfuta da intanet ya ƙara wa abin nauyi. Ma'aikacin laburare na da yana iya gane cewa suna biyu na mutum ɗaya ne, injin nema kuwa yakan raba su, ya ƙirga ayyukan mutum ɗaya kamar na mutum biyu. Lambar ORCID da aka fara bayarwa a 2012 tana warware wannan ga mai bincike da ke raye ya yi rajista. Ba ta da amfani ga Dorugu, ko ga tsohuwar da ta ba da tatsuniya a wani ƙauyen Maraɗi.

7. Kammalawa

Daga wannan tarihi ana iya fitar da abubuwa kaɗan da duk wata ƙa'ida ta Hausa za ta tsaya a kansu. Na farko, sunan mawallafin Hausa ya fi aminci idan aka bar shi a miƙe yadda yake bisa bangon littafinsa, aka jera shi da sunan yanka, aka cire laƙabin girmamawa irin su Alhaji da Malam da Nana daga lissafin jeri, aka kuma sa ishara daga sauran siffofin sunan zuwa wadda aka zaɓa. Na biyu, rubutun suna na mai shi ne: wanda ya sa hannu da Ousmane ba a mayar da shi Usman. Na uku, abin da aka ɗauko daga baki yana bukatar sunan mai faɗa, da garinsa, da ranar ɗauka, da sunan mai ɗauka, da inda aka ajiye faifan, sai fa idan mai faɗar ya nemi a sakaya sunansa. Na huɗu, littafin hannu ana ambatonsa da mawallafi, da mai juyi idan an san shi, da wurin ajiya da lambarsa, da babi ko warƙa.

Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci su ne suka fi kowa ɗauko tatsuniya da karin magana da waƙa daga bakin jama'a, kuma littattafansu su ne na farko da sabon mai karatu yake riƙewa. Layi ɗaya a ƙasan shafi mai faɗin wanda ya ba da labarin da garinsu ba ya ƙara kuɗin bugu. Manomin Tawa ko na Madawa da ya ga sunan mutumin garinsu a rubuce zai san cewa abin da ke cikin littafin daga wurinsu ya fito, kuma mai bincike da zai zo bayan shekara 50 zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.